An rage wa makamina ƙarfi: in sake ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a nan Maradi, a unguwar Zariya nake. Mu shida ne a fadarmu muke buga Albion Online a waya bayan sallar isha'i. Na fi wata huɗu ina ɗaga wuƙa, saboda na ga a YouTube ana cewa ita ce kan gaba. Da aka yi mizajur na baya, wato gyaran da kamfani ke yi wa wasan, sai aka rage mata ƙarfi, yanzu kowa kashe ni yake yi, abokaina kuma sun ce in bar ta in koma abin da ake yayi. Me ya sa kamfanonin nan ba za su daidaita komi ba kowa ya huta? Akwai rukunin jarumin da ya fi kowane? Sannan ƙanena yana buga Black Desert, ya kwana yana gyaran fuskar jaruminsa, har yana son ya sa kuɗi ya saya masa kaya. Wannan kwalliya tana ƙara wani abu a faɗa, ko ɓarnar kuɗi ce kawai?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da kake son sani shi ne ko zaɓin da mutum ya yi wa jaruminsa, na makami ne ko na kama, shi ke ba shi nasara ko ya ja masa kashi, kuma me ya hana masu wasan su mai da zaɓin duka ɗaya. Amsata a taƙaice: kada ka jefar da wuƙarka don kawai an rage mata ƙarfi, kada kuma ka liƙe mata don kawai ka sha wahala a kanta. Akwai abin da ya fi lambobin mizajur nauyi ga mai wasa daga Maradi, ba kuma za ka ji shi a bakin masu bidiyon da kake kallo ba, domin su bai taɓa damunsu ba. Zan zo kansa. Sana'ata gyaran waya da kwamfuta, da dare kuma ina riƙe da wata ƙaramar ƙungiyar ƴan wasa, yawancinmu ƴan nan ne da Damagaram da Katsina, sai ɗaiɗaiku da karatu ya kai Maroko ko Faransa. Daga abin da nake gani a tsakaninsu zan yi maka magana.

Dalilin da ya sa aka raba jarumai tun farko

Raba jarumai rukuni-rukuni ya girmi wasannin intanet. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan tebur ne da ake yi da takarda da ƙwayoyin jefawa irin na lido. Rukuni uku ne a cikinsa: mayaƙi, mai sihiri, da malamin addini mai warkarwa. A shekarar da ta biyo aka ƙara ɓarawo, wanda shi ne kakan mai wuƙarka. Da wasannin suka koma kwamfuta, EverQuest a 1999 da World of Warcraft a 2004 suka kafa tsarin da kusan kowa ke bi har yau: mai garkuwa da ake kira tanki, mai warkarwa, da masu duka.

Tsarin ya tsaya ne a kan wata ƴar dabara. Dodon kwamfuta yana riƙe da lissafin wanda ya fi ɓata masa rai, shi yake bi. An ba tanki hanyoyin tsokanar dodon don ya tsaya a kansa, an ba shi sulken da zai jure. Mai warkarwa yana mayar masa da jinin da ya zuba, masu duka kuma suna sara ta baya ba tare da an waiwaye su ba. A World of Warcraft mutum biyar ke shiga kogo: tanki ɗaya, mai warkarwa ɗaya, masu duka uku. A Final Fantasy XIV mutum huɗu ne, ko takwas a manyan faɗa, biyu tanki, biyu masu warkarwa, huɗu masu duka.

Ka lura da abu ɗaya a nan. Da gangan aka yi mai warkarwa rarrauna in yana shi kaɗai, da gangan aka yi tanki mai jinkirin kisa. An gina rukunan ne don mutane su buƙaci juna, a samu dalilin zama ƙungiya. To duk wanda ya ce a daidaita su har kowa ya iya abin da ɗan uwansa ya iya, tushen ginin yake cewa a tone.

Me ya hana a daidaita komi?

Tambayar farko da mai ƙera wasa ke fuskanta ita ce: daidai a wane fage? Ɗauki wuƙarka. A Albion za ka iya shiga da ita kogon mutum biyu inda ɗaya ke farautar ɗaya, ko faɗan biyar da biyar, ko yaƙin ƙungiyoyi inda ɗaruruwan mutane ke haɗuwa a fili guda, ko kuma ka je kashe dodanni don tara suna. Wuƙa mai kashe mutum ɗaya cikin ƙiftawar ido sarauniya ce a fage na farko, a yaƙin ɗaruruwa kuwa kusan ba ta da aiki, sai masu sihirin da ke ƙona fili gaba ɗaya. In an ƙara mata ƙarfi don ta yi amfani a babban yaƙi, ta gagari kowa a ƙaramin. In an rage don a ceci ƙaramin, ta mutu a babban. Wasu kamfanoni sun kauce wa wannan ta hanyar raba lambobi: a Guild Wars 2 dabara ɗaya tana iya zama da ƙarfi dabam a faɗa da dodo, dabam a faɗa da mutum, a Final Fantasy XIV ma dabarun faɗan mutum da mutum jerinsu dabam ne ɗungurungum. A Albion abin ya fi wuya, don kana cikin saran dodo ne wani zai diro maka daga bayan dutse, faɗan biyu a wuri guda suke faruwa.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ciwo: daidai a hannun wa? Akwai makamin da sabon shiga zai ɗauka ya yi abin kirki da shi a ranar, amma ko ya shekara ba zai wuce wani mataki ba. Akwai wanda a hannun mutum tara cikin goma abin dariya ne, a hannun na goman kuma ba ya tsayuwa. Idan kamfani ya auna da gwanaye, talakan ɗan wasa ya ga an zalunce shi. Idan ya auna da talaka, gwanaye su mamaye komi da makami guda. Babu lambar da za ta gamsar da ɓangarorin biyu.

An gwada hanyar da kake nema, ba sau ɗaya ba. Da World of Warcraft ya fito da rukuni tara, ƴan wasa ɓangare biyu ne: ɓangaren Alliance kaɗai ke da rukunin Paladin, ɓangaren Horde kaɗai ke da rukunin Shaman. Shekara biyu ana rigima, kowane ɓangare na cewa an fifita ɗayan, kamfanin Blizzard kuma duk dodon da zai ƙera sai ya yi lissafi biyu. A watan Janairun 2007 ya haƙura ya ba kowa duka biyun. Daga 2008 ya shiga rarraba dabaru iri ɗaya ga rukunai da yawa, da nufin a gayyaci mutum don iyawarsa, ba don rukuninsa ba. A 2012 ya rushe dogon reshen baiwa da mutum ke zuba maki a cikinsa, ya mai da shi zaɓin ɗaya cikin uku a kowane mataki goma sha biyar. Lambobi sun matso kusa da juna, gaskiya ne. Sai ƙorafin ya juya: yanzu komi ɗanɗanonsa ɗaya. A 2022 kamfanin ya dawo da reshen baiwar. Guild Wars 2 kuma da ya fito a 2012 ya ce ba tanki ba mai warkarwa, kowa ya kula da kansa. Sakamakon shi ne kowa ya sa kayan duka zalla ana rige-rigen kisa, har a 2015 da aka kawo manyan faɗa na mutum goma aka fito da mai warkarwa na sosai.

Final Fantasy XIV shi ne, a ganina, ya fi kowa kusantar daidaito a cikin manyan wasannin, amma duba abin da ya biya. Babu reshen baiwa ko kaɗan. Duk masu rukuni ɗaya a mataki ɗaya dabarunsu iri ɗaya ne, ba abin da za ka zaɓa. Wannan ita ce cinikayyar: yawan zaɓi da daidaito ba sa cika jaka ɗaya, in ka ƙara wannan sai ka rage wancan. Path of Exile ya tsaya a ɗaya gefen, da reshen da ya haura gurbi 1,300, a can kuwa tazarar haɗi mai kyau da maras kyau ba ta misaltuwa, masu buga shi kuma don wannan ɗin suke son sa.

Ka je filin kokowa na Kantu lokacin gasar takobi. Ba a raba ƴan kokowa da sikeli, ƙato na iya haɗuwa da siriri, kuma abin da ke tayar da jama'a tsaye shi ne su ga ta ina siririn zai ɓullo. Da za a ce sai masu nauyi ɗaya da kamu ɗaya za su kara, da adalci ya ƙaru, da kallo ya ragu. Masu ƙera wasa sun san haka, shi ya sa abin da suke nema bai wuce kowane rukuni ya samu fagen da yake haskawa ba, kuma kowane ya samu wanda ke karya shi. Old School RuneScape ya mai da wannan doka a fili: mai sara ya fi ƙarfin maharbi, maharbi ya fi ƙarfin mai sihiri, mai sihiri ya fi ƙarfin mai sara.

Kada ka zaci cire rukuni gaba ɗaya na warware matsalar. Ultima Online na 1997 ba shi da rukuni, an ba kowa maki 700 ya raba a kan dabarun da ya ga dama. Ba a daɗe ba masu faɗa suka taru a kan haɗi ƙalilan, wanda ya fi suna shi ne mai sihiri riƙe da babban makami. Albion jikan wannan tsarin ne: abin da ka sa a jikinka shi ne rukuninka. Kuma ka ga da idonka, duk da tulin makaman da ke kasuwa, kaɗan ne ake yayi a kowane lokaci.

Shi kansa yayin, rabinsa ƴan wasa ke haifar da shi. Ragnaros, babban dodon farko na World of Warcraft, sai da aka yi kusan wata biyar kafin a kashe shi a 2005. Da aka sake fito da tsohon wasan a watan Agustan 2019, ko mako guda bai cika ba aka kwantar da shi. Mutane sun zo da amsar jarabawa a aljihu: an riga an lissafa komi, an san rukunin da ya fi duka, aka cika ƙungiyoyi da mayaƙa, masu son wasu rukunan kuma aka bar su a bakin ƙofa, alhali da su ma dodon zai mutu. Bambancin da bai taka kara ya karya ba, in aka sa shi a jadawali aka yaɗa, sai ya zama dalilin korar mutum.

Abin da ya faru da wuƙarka

Kamfani ba ya rage wa makami ƙarfi don ƙiyayya. Yana ganin abin da ni da kai ba mu gani: mutum nawa ke riƙe da shi, sau nawa yake cin faɗa, a wane fage, a wane matakin kaya. Bidiyon da ya ja ka zuwa wuƙa ya ja dubban mutane irinka, kuma wannan cunkoson shi kansa yana cikin abin da ke jawo hankalin kamfani. Duk makamin da ka ji ana ta yi masa kirari a YouTube, ka ƙaddara cewa yana kan layin aski. In ka bi shawarar abokanka ka koma na yayin yau, ka shirya sake wannan tambayar nan da ƴan watanni.

Sau da yawa kuma ragin bai kai yadda ake kururuta shi ba. Ka buɗe bayanin mizajur ɗin a shafin wasan ka karanta da kanka: me aka taɓa? Ƙarfin sara ne, ko tsawon lokacin da dabara ke ɗauka kafin ta dawo, ko nisan tsalle? Ragin ƙarfin sara kaɗan ba ya mai da mai cin faɗa ya zama wanda kowa ke kashewa. Abin da ya fi faruwa shi ne, da can ƙarfin makamin yana rufe maka kurakurai, kana kashe mutum kafin kuskurenka ya kama ka. Yanzu faɗan ya ƙara daƙiƙa biyu, a cikin daƙiƙa biyun nan asiri ke tonuwa.

Rezo, waya da zafi

Ga abin da na ce zan zo kansa. Jadawalin da ke jera makamai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, waɗanda suka yi shi suna zaune ne a Turai ko Amurka, gaban kwamfuta, da waya ta gilashi har cikin ɗaki, kusa da saba, wato babbar kwamfutar kamfani da wasan ke gudana a kanta. Albion yana da saba uku: ta Washington, ta Singafo da aka buɗe a 2023, da ta Amsterdam da aka buɗe a 2024. Babu ko ɗaya a Afirka. Nijar ba ta da teku, saboda haka duk maɓallin da ka danna sai saƙonsa ya tashi daga wayarka zuwa eriya, ya ratsa ƙasar maƙwabta ya kai gaɓa, ya bi ƙarƙashin ruwa zuwa Turai, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo. Ɗan Jamus da ke faɗa da kai yana ganin abin da ya faru kafin kai ka gani. A wurina in ping, wato ma'aunin wannan jinkirin, ya tsaya wajen 150 ba ya rawa, dare ya yi kyau. Kuma rawar ta fi tsawon illa: jinkirin da ya tsaya wuri ɗaya hannu na sabawa da shi, wanda ke hawa da sauka kuwa ba ya koyuwa.

Ka san yadda abin yake. Ka lallaɓa ka samu mutum, ka danna tsalle, a allonka ka riga ka dira a bayansa. Sai hoto ya tsaya cak. Da ya motsa, ga ka kwance yana kwasar kayanka, maɓallin gudun da ka danna sau uku bai ma fita ba. Ƙara da wayar da ta yi zafi a watan Afrilu har ba ta riƙuwa, ta rage gudun kanta don kada ta ƙone, hoto ya koma tsalle-tsalle. Ƙara da babban yatsanka da ya rufe kusurwar allon da maharin ya fito. Ƙara da ɗaukewar kuran a tsakiyar faɗa, waya na neman sauka daga wifi zuwa forfe. Lokacin da kuke wasa ma, bayan isha'i, shi ne lokacin da duk unguwa ke kan rezo.

Wuƙa tana cikin makaman da wannan yanayin ya fi cutarwa. Rayuwarta a kan daƙiƙa ɗaya take: ka shiga, ka jera dabaru uku a kan lokaci, ka fita, jikinka kuma ba sulken kirki. Rabin daƙiƙa ya kuɓuce, an gama da kai. A cikin ƙungiyarmu na sha ganin yaro mai hannu sosai yana shan kashi da irin wannan makamin a nan, ya tafi karatu Faransa, da jarumin nan da kayan nan, ya koma abin tsoro. Ba a Albion kaɗai ba ne. A Final Fantasy XIV akwai daƙiƙa 2.5 tsakanin manyan dabaru, ana cusa ƙanana biyu a tsakani, mai jinkirin rezo kuma ba ya samun cusa na biyun ba tare da ya makara ba, shi ya sa rukunin mai bindiga ya daɗe yana wahalar da na nesa da saba.

Makaman da ke yafe jinkiri su ne masu dabarar da ke kama wanda ka zaɓa kai tsaye ba sai ka saita ba, ko masu share wuri mai faɗi, ko masu ciwon da ke ci gaba da ci bayan ka sa shi. Gatari yana cikinsu, don yana juyi ya sari duk na kusa, wani ma yana mayar maka da jini. Sandar la'ana tana cikinsu, ka ɗora wa mutum ciwo yana cin sa ko hotonka ya tsaya. Sulken ƙarfe yana ba ka daƙiƙun da rigar ƙyalle ba ta bayarwa. A warkarwa kuma sandar ganye, wadda maganinta ke aiki a hankali kuma ake sa shi tun kafin sara ya sauka, ta fi sauƙi a rezo mai rawa a kan wadda sai ka jira jini ya faɗi sannan ka ɗaga shi a take.

Abin da zan yi da ni ne kai

Fara duba sabar da kuke. In ba ta Amsterdam ba ce, ku zauna ku shida ku yi shawara, don jarumi ba ya ƙaura daga saba zuwa saba, sai dai a fara sabo. Wata huɗu ba su kai a ƙi tashi saboda su ba.

Sannan ka tambayi kanka: a cikin ku shida, wa ke warkarwa? Wa ke riƙe gaba? Kusan duk fadar da ta zo mini da irin kukanka, sai in tarar masu duka ne zalla, kowa na son sunansa ya fito a kisa. Mutum shida masu makamin yayi ba mai warkarwa, mutum huɗu masu makamai na banza da tanki da mai magani za su kore su. Ƙarancin nan a ko'ina yake, har World of Warcraft da Final Fantasy XIV suna ba da tukuici na musamman ga wanda ya yarda ya shiga a gurbin da aka rasa. Wanda ya iya warkarwa ba ya rasa ƙungiya, kuma mizajur bai cika kwana a kansa ba.

Sa'arka ita ce a Albion canji ba shi da tsada. Ba sai ka sake jarumi ba, makami kawai za ka sauya, abin da ka tara a kan wuƙa kuma yana nan a allon ci gabanka yana jiran ka. A tsohon World of Warcraft sauya baiwa kuɗinsa hawa yake har zinariya 50, sauya rukuni kuwa sai ka koma mataki na ɗaya. Don haka ka sayi kaya masu arha na mataki na huɗu, kashi uku ko huɗu, ka gwada gatari ko sanda na mako biyu a yankin rawaya inda ba a kwashe kayan wanda ya faɗi. Ka riƙa ɗaukar bidiyon allonka, duk faɗuwa ka koma ka kalla: ka danna bai fita ba ne, ko ka shiga inda bai kamata ba? In na farko ne ya fi yawa, makamin bai dace da rezonka ba. In na biyu ne, ko me ka riƙe haka za ta faru. Wuƙar kuma ka ajiye ta don sassafe ko tsakar dare in rezo ya kwanta. Akwai ma riba: kusan duk kayan Albion ƴan wasa ke ƙera su su kai kasuwa, makamin da aka guje shi yakan yi arha, ka ga mutuwa da shi ba ta da ciwo kamar da.

Sunayen makaman da na ambata ka ɗauke su a matsayin misali. Lambobinsu suna canjawa da kowane mizajur, ni kuma mai wasa ne, ban riƙe wayarka na ga yadda take ja ba. Gwajin da za ka yi da hannunka ya fi maganata.

Batun ƙanenka da kwalliya

A mafi yawan wasannin yau, tsawon hanci da launin fata da kitso ba sa ƙara ko rage komi a faɗa. Da can ba haka ba ne. A farkon World of Warcraft jinsin da ka zaɓa yana zuwa da dabararsa: malamin warkarwa na jinsin gajerun nan masu gemu shi kaɗai ke da kariyar da ke hana dodo firgita tanki, sai ƙungiyoyi suka riƙa nemansa ido rufe, mutane suna zaɓen kamar da ba sa so don a ɗauke su. Daga baya aka ba kowane malami ita. Kaya ma haka: dole ka sa abin da ya fi ƙarfi ko da hula ja ce, riga kore, wando shuɗi. Sai a ƙarshen 2011 aka kawo damar ɗora kamar wani kaya a kan ƙarfin wani. Baƙar fata ta sosai da gashi irin namu kuwa sai a 2020 jinsin mutane na wasan ya same su yadda ya kamata, shekara goma sha shida bayan fitowarsa.

Saboda haka ban ga laifin yaron ba. Black Desert, na kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu, ya yi suna ne da wannan wurin gyaran fuskar, inda kake jan ƙashin kumatu da fatar ido ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa a can rukuni ne ke yanke maka namiji ko mace. Wanda ya daɗe yana buga wasanni da fuskar da ba ta yi kama da ta kowa a gidansu ba, in ya samu inda zai yi tasa, bari ya kwana. Kuma abin ba a banza yake ba. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na jami'ar Stanford sun gwada mutane a duniyar kwamfuta, suka ga waɗanda aka ba doguwar siffa sun fi tsayawa kan bakansu wajen rabon kuɗi. Ni abin da na lura da shi ya fi wannan sauƙi: wanda ya ɓata lokaci a kan jaruminsa ya fi daɗewa da shi, wanda ya daɗe da jarumi ɗaya kuma shi ke iya shi.

Inda zan ja masa kunne shi ne kuɗi. Kafin ya sayi komi ya duba ko akwai lamba a jikin kayan. In ado ne zalla, sha'awa ce, ya auna da aljihunsa, ya tuna kuma cewa in ya sa hular ƙarfe fuskar ma ba a ganin ta. A Black Desert na kwamfuta kayan kanti suna zuwa da ɗan ƙarin amfani, ana kuma narka su a samu duwatsun da ke kare makami wajen ɗaga shi, daga nan ne sayen riga ɗaya ke zama sayen goma. Ɗalibin da ke lissafin jika ɗaya ta forfe ba zai yi tsere da mai albashin Koriya a wannan hanyar ba. Tunda yawancinmu ba mu da katin banki, sai a bi ta hannun dillalan WhatsApp, to ya rarrabe: mai sayar da katin kantin waya dabam, mai cewa ba ni lambar sirrinka in zuba maka, ko in sayar maka da azurfa da arha, dabam. Na biyun ko ya gudu da asusun, ko kamfani ya rufe shi, don sayen kuɗin wasa a bayan fage haramun ne a dokar Albion da ta Black Desert duka.

Ka aiko mini da sabar da kuke, da lambar ping ɗin da kake gani da ƙarfe tara na dare da kuma bayan asuba, da makamin da kowane cikin abokanka biyar ke riƙe da shi, sai mu ga gurbin da ya kamata ka cika.